Uwar Shafi da maɓallin da ta hana ni

Kullum takwas saura kwata take shigowa. Ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta kunna kwamfuta. Kafin ta gama gaisawa da mutane ta riga ta buɗe shafin kamfaninmu a wayarta, tana dubansa kamar yadda baƙo zai gan shi. Daga nan sai ta zagayo sito wurina da 'yar takarda a hannu: "Ƙanina, bel ɗin ƙaramin keken nan, akwai saura?" In na ce ya ƙare, ta koma ta danna wani abu. Shekara goma sha huɗu ina kallon wannan, kuma gaskiyar magana, har ta ajiye aiki watan jiya ban san ainihin abin da take yi ba.

Kekunan ɗinki muke sayarwa da kayan gyaransu. Yayana ne mai kamfanin, ni ke riƙe da sito. Ita kuwa Uwar Shafi muke ce mata, domin ita ke kula da manhajar da ake sarrafa shafinmu na intanet da ita, inda ake sa hoto, a rubuta bayani, a gyara abin da ya sauya. Yaya da kansa ya taɓa jana gefe ya ce, "Wai shafin nan ba shi ke tafiyar da kansa ba?" Na ce ni ma haka na zata. Muka kalli juna, kowa ya kama gabansa.

Da aka ce in rubuta mata jinjina sai na bi abokan aiki ina tambaya, ko wani ya fi ni sani. Direbanmu ya ce abin da ya sani kawai, ta taɓa tsayar da shi a rana riƙe da allura a kan farar takarda, ta ɗauki hoto sau goma sha ɗaya, wai ramin allurar bai fito ba. Mai amsa waya ta ce duk telan da ya kira bai san sunan abin da yake nema ba, Uwar Shafi kan karɓi wayar ta saurare shi, washegari sai ka ga sunan da telan ya kira abin ya bayyana a shafi. Na rubuta duk wannan, amma kaina bai waye ba.

Ido ne ya raba ta da aikin. Likita ya ce ta rage kallon kwamfuta, Yaya kuma ya ce tunda ni na san kayan, ni zan gaje ta. Mako uku tana koya mini, ina gyaɗa kai kamar na gane.

"Wannan ka ajiye shi, amma ba ka wallafa ba," in ji ta.

"To yana nan ke nan, Anti?"

"Yana nan."

"Me ya sa ba na ganinsa a wayata?"

"Saboda ba ya nan tukuna."

A sito abu ko dai yana kan kanta ko ba ya nan. A wurinta kuwa abu yana iya kasancewa yana nan kuma ba ya nan, hankalin kowa kwance. Na koma gida ranar kaina na ciwo, uwargida ta ce ko in ce wa Yaya ya nemi wani. Girman kai ya hana ni.

Kwana huɗu da tafiyarta na ci karo da shafuka sittin da biyu na kekunan da muka daina sayarwa tun tuni. Wasu ni kaina na manta kamanninsu. Na ce a raina, ashe Anti ma tana da tarkace. Na zaɓe su kaf na danna gogewa, na ji daɗi kamar na share sito ranar ƙarshen wata.

Washegari da hantsi mai amsa waya ta miƙo mini waya, fuskarta ba walwala. Wani dattijon tela ne. Kekensa na mahaifinsa ne, ya ce, kuma duk lokacin da ya fara tsinka zare 'yarsa kan buɗe masa shafinmu, inda aka jera hotuna bakwai na yadda ake daidaita ƙugiyar da ke kama zare a ƙasan keken. Yau sun buɗe ba komai. Ga kayan makaranta na yara arba'in a gabansa, jibi za a zo karɓa, makaniken da ya san irin keken kuma ya rasu bara.

"Ɗana, hotunan nan kawai nake so. Ina kuka kai su?"

Na ce masa zan duba. Kafin azahar mutum biyar sun kira da irin wannan kuka. Yaya ya leƙo ya ce, "Me ka taɓa?" Na ce tsafta na yi. Ya juya ya fita. Na laluba manhajar nan sama da ƙasa, na danna abin da na sani da wanda ban sani ba, har na sauya launin shafin farko ban san yadda aka yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, ga kunya.

Da ƙyar na kira ta. Na gama bayani ina jiran faɗa, sai na ji dariya.

"Sittin da biyu ne, ko? Duba hagu, can ƙasa, inda aka rubuta ɓoyayyu."

Na duba. Ga su nan reras, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Anti, ai na goge su. Da hannuna."

"Kai dai ka danna. Tun ranar da na buɗe maka suna a manhajar na cire maka ikon gogewa. Naka maɓallin ɓoyewa kawai yake yi."

"Ya aka yi kika san zan yi haka?"

"Ƙanina, shekara sha huɗu ina ganin yadda kake share sito."

Na tambaye ta dalilin ajiye shafin keken da ba ma sayarwa. Ta ce, "Mu ne muka daina sayarwa. Masu kekunan ba su daina ɗinki ba." Cikin minti goma na mayar da su duka. Da yamma dattijon ya kira, bai yi doguwar magana ba, ya kara wayar a jikin keken don in ji yana tafiya.

Anti, ke ce mai riƙon abin da kowa ya manta da shi. Ke kika zauna a kusurwar nan kusa da firinta kina tunanin mutanen da ba su taɓa tako ƙofarmu ba, mu kuma muna zaton kina latse-latse ne. Har kuskuren da ban riga na yi ba kika tare shi a hanya, ba ki kunyata ni gaban kowa ba. Har yanzu ban fahimci rabin manhajar ba, launin shafin farko ma yana nan yadda na ɓata shi. Amma na gode, kuma Allah Ya ba idanunki lafiya.

Ku kuma masu kamfani, akwai irinta a wurinku, wani ko wata da ba ku san aikinsu ba saboda bai taɓa lalacewa ba. Ku je ku tambaye su tun suna kan kujerar, ku zauna ku koya. Masu irin aikinta kuma, ku yi shi yadda ta yi.

Ikon gogewar yana hannun Yaya yanzu. Ta bar masa saƙo cewa kada ya ba ni sai na shekara. Jiya ya ce in ina so zai ba ni tun yanzu, ba sai ta ji ba. Na ce a'a, a bar shi yadda Anti ta ce.