Rabon Rezo a Gidanmu

Gidanmu na Zango layin intanet biyu gare shi, sai ka ce gidan minista. Babban, wanda ake ce wa fibur, ɗana ne ya jawo mana. Ƙaramin kuwa wani akwati ne mai ƙaho biyu da ɗan Yaya Alhaji ya kawo tun da fari. Yaya shi ne maigida, maganarsa ce magana.

'Yar ƙanenmu, wadda ta karanta aikin rezo, wato harkar layukan intanet, har ta samu takarda mai hatimi, ta zo ta haɗa layukan a na'ura ɗaya. Ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, zan sa babban ya ɗauki mafi yawan kaya, ƙaramin ya ɗauki abin da zai iya."

Yaya ya ce, "Wato na ɗana ne abin tausayi?"

"Baba, ba haka ba ne, ƙarfinsu ne ba ɗaya ba."

"A gidan nan ko naman layya daidai muke kasawa. Wanda ya fara shiga intanet a kai shi wannan layin, na biyu a kai shi wancan."

Ni lekol ɗina, wato boko, bai wuce aji huɗu ba, amma jikan fataken goro ne ni, na san ba a yi wa ɗan jaki lodin uwarsa. Na ce, "Yaya, naman layya ba ya nishi." Ya ce in yi shiru, manya na magana. Gemuna fari fat a lokacin.

Haka aka yi. Adalci ya sauka a gidanmu. Rabin mutanen gida suna kallon ƙwallo tas, rabi suna kallon wani zobe yana juyawa. Babban layi yana hamma, ƙaramin yana haki.

Da abin ya tsaya a ƙwallo da ban rubuta ba. Yayarmu da ke aure a Kumasi ta kwanta ciwo. Rabona da ganinta tun kafin a rushe tsohon gidanmu na unguwar Koulouba. Wata Lahadi bayan la'asar 'yarta ta kira ni da bidiyo, ta ce, "Kawu, yau ta ɗan samu ƙarfi, tana son ganinka."

Gida cike, kowa da waya a hannu. Rabona ya faɗa kan ƙaramin layi.

Na ga goshinta da ido ɗaya. Na ji ta ce, "Kai ƙanena, wannan gemun..." Sai hoton ya daskare, bakinta a buɗe. Na fito tsakar gida ina ihu kowa ya kashe wayarsa. Wasu suka kashe, wasu suka shige ɗaki da tasu. Na katse na sake kira, ko Allah zai sa in faɗa kan babban. Na faɗa kuwa, hoto tas. Amma fuskar 'yarta ce. "Kawu, tari ya kama ta, mun kwantar da ita. Sai gobe."

Gobe ba ta iya magana ba. Ba ta kai Juma'a ba.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya kira 'yar ƙanenmu, bai kalle ni ba, ya ce ta gyara abin yadda ta sani. Ko shayi bai huce ba ta gama.

Yanzu rezo a gidanmu ba ya tuntuɓe, baƙi har yabawa suke yi. Yaran Kumasi suna kira su gaishe ni, ina ganinsu har ƙurajen fuskarsu. Na tambayi 'yarta ko ta san abin da uwarta ta so faɗa kan gemuna. Ta ce ba ta sani ba, amma dai uwar tata dariya take yi lokacin.