Sunan Jobeda Apa da Ban Miƙa Ba

A ƙofar gidanki na gane abin da na yi, Jobeda Apa, yayata ta unguwa, kwana uku da rasuwarki. Mun zo mu shida daga kulob ɗinmu na mata, shugabarmu Dilruba Bhabi tana gaba, muna riƙe da kwanukan shinkafa da kifi don masu zaman makoki. 'Yarki Parul ta fito ta tare bakin ƙofa.

"Khala, ke ki shigo," ta ce da ni, don inna take ɗaukata. "Su kuwa su koma da abincinsu. Sau uku suka ƙi uwata tana da rai. Yau me suka zo nema?"

Dilruba Bhabi ta juyo ta dube ni. "Wa ya ƙi ta? Yaushe ma aka kawo sunanta?"

A tsayen nan na gane cewa kin tafi kabari da ƙaryar da na yi miki, kin ɗauke ta gaskiya, har kin bar wa 'yarki.

Allah ya karɓi ran Jobeda Khatun ranar Laraba, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, a gidanta na bayan layin dogo a nan Dinajpur, tana da shekara sittin da ɗaya. Ta gama shanya wanki, ta ce kanta yana juyawa, ta zauna a bakin rijiya, ba ta sake tashi ba. Allah ne ya ba mu ita, Shi ya karɓi abarsa, mu ma can muka nufa. An ce ni zan rubuta ta'aziyyarta a ɗan littafin da kulob ke bugawa, tunda na fi kowa daɗewa da saninta. Na karɓa, amma sai dai in rubuta duka.

Shekara goma sha tara kina yi wa kulob ɗin nan aiki, Apa, ba ki taɓa zama 'yar kulob ba. Da farko mukan raba barguna a filin makaranta idan sanyi ya sauko, a jera mutane, a ɗauki hoto. Ke ce kika zo kika tsaya a gefe kina kallo, kika ce, "Waɗannan ai masu ƙafa ne. Wanda sanyi ya kama da gaske yana kwance a ɗaki." Kika ɗora barguna takwas a ka kika shiga lungu, muka bi ki muna tattare gefen dogon zanenmu na sari don kada laka ta taɓa. Kin san ɗakin da ke da tsohuwa, kin san wanda rufinsa ke zuba, kin san matar da za ta gwammace ta mutu da sanyi da a gan ta a layi. Tun daga shekarar nan ba mu sake rabo ba sai da ke.

Haka kuma ranar aikin ido, idan likitoci suka zo cire wa tsofaffi yana. Su tsofaffin nan tsoron wuƙa suke yi, wasu daga bakin ƙofa suke juyawa. Ke kike riƙe musu hannu. Ba zan manta da tsoho Mofiz mai gyaran lema ba, yana zaune a kan benci, kika ce masa, "Chacha, ni ba wuƙar nake jiye maka ba. Shekara goma ba ka ga fuskar Chachi matarka ba. Gobe in aka buɗe idon, kada ka zo ka ce ni na cuce ka." Matarsa ta kai miki duka da mafici, shi kuwa ya shiga ɗakin aiki yana dariya.

A dokar kulob, kowace 'yar kulob tana da gurbin mutum biyar da za ta rubuta a yi musu aikin ido kyauta duk shekara. Ke da kika san makafin garin nan ɗaya bayan ɗaya ba ki da gurbi ko guda. Sai ki bi mu gida gida kina roƙo, wannan ta ba ki ɗaya, waccan ta ce ta riga ta yi wa mai gadinta alkawari. Shekara uku da suka wuce kika same ni a kicin, kika kira ni da sunan yarinta da babu mai kirana da shi sai ke.

"Tuni, ki kai sunana mana. Ba lambar ƙirjin 'yan kulob nake so ba, ina zan maƙala ta, a kan wannan tsumman? Gurbi biyar ɗin nake so, in daina yawon bara da idon mutane."

Na ce miki to.

Waɗanda ba 'yan kulob ba ba su san yadda ake shiga ba. Sau ɗaya ake karɓar sababbi a shekara, a taron watan Yuli. Wadda ta kawo suna sai ta miƙe a gaban kowa ta faɗi inda ta san mai sunan, da tun yaushe, da yadda aka yi. Wannan miƙewar ce ta gagare ni. In na miƙe, dole in ce a bayan layin dogo aka haife mu, ɗakinmu da naku katangar kara ce ta raba. Sai in ce uwata da taki tare suke sussukar shinkafa a gidajen mutane, a sallame su da tsakin shinkafa. Sai in ce ke kike goya ni ki ƙetare ruwa da ni zuwa makaranta, har na tsaya a aji biyar. Ni kuwa a kulob matar Haque mai injin casar shinkafa ce. Shekara da shekaru ina zaune cikin matan likitoci da lauyoyi, ina kiyaye bakina kada wata ta tambaye ni gidanmu.

Shekarar farko aka ce, "Akwai mai suna?" Na dubi ƙasa. Na fito na ce miki sun ce sai baɗi. Shekara ta biyu na ce miki gurbi ya cika. A ta uku kika zo da kanki cikin sabon sari kore, kika zauna a bencin baranda tun daga buɗe taro har tashi. Ina jin tarinki daga ciki. Da na fito kika miƙe.

"Yaya?"

"Sun ce a ƙara haƙuri, Apa."

Kika yi dariya kika nuna bakinki. "Haƙoran nan ne ko? Jajaye kamar na wadda ta ci ɗanyen nama. Ki ce musu na bar taunar pan, su daina tsoro." Na ɗauka wasa kike yi. Ashe daga ranar kika bar shi, ganyen nan mai rina baki da kika shekara arba'in kina taunawa. Parul ta ce wata guda kika yi kina fama da ciwon kai. Kuma da sanyi ya sauko kika zo kika ɗauki bargunanmu a ka kamar kullum, kina gaida matan da kike zaton sun ƙi ki, kina tambayar lafiyar jikokinsu.

A ranar nan ta uku da rasuwarki, a ƙofar gidanki, Parul ta kama hannuna ta shigar da ni, sauran suka juya da kwanukansu. Ta zaunar da ni a tabarmarki, ta ce wa matan unguwa, "Wannan ce kaɗai ta tsaya wa uwata." Suka yi ta sa mini albarka. Na zauna na karɓa.

Washegari na je gidan Dilruba Bhabi na faɗa mata komai. Sai ta ce:

"Ferdousi, mu mun ɗauka ita ce ba ta so. Da kin buɗe baki, wa zai ce a'a ga Jobeda?" Sannan ta ce, "Kuma wai me kike ɓoyewa? Mahaifiyarki ai a gidan surukata take sussuka. Tun ranar da kika shigo kowa ya sani. Babu wadda ta damu."

Saboda haka ina shaida a rubuce cewa kulob ɗin nan bai taɓa ƙin Jobeda Khatun ba. Sunanta bai taɓa isa gabansu ba. Ni ce na riƙe shi.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Jobeda. Ka haskaka kabarinta kamar yadda ta yi sanadin hasken idon bayinka, ka lulluɓe ta da rahamarka kamar yadda ta lulluɓe waɗanda sanyi ya kwantar. Ka yafe mata kurakuranta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Parul da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanin marigayiya Abdul Mojid, da dukan mutanen bayan layin dogo. Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Ke kuma Apa, neman gafararki ya wuce ni a duniya, sai dai in roƙi Allah ya sa ki yafe mini ranar da za mu tsaya.

Parul ba ta karanta littafin kulob, kuma ba daidai ba ne ta ji wannan a bakin wani. Har yau tana aiko mini da gaisuwa. Ban je na faɗa mata ba tukuna.

Ferdousi Haque, Dinajpur