Keken Dogon Malami

Shekara tara Iro ya yi a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur yana tura wa ɗalibai kaya gida, ba wanda ya san ɗan mai walda ne. A Gusau ya tashi, a rumfar mahaifinsa, kuma tun kafin ya yi gemu ya iya haɗa ƙofar ƙarfe. Da Korona ta zo jirage suka tsaya, sana'ar tura kaya ta tsaya da su. Sai matarsa Hadiyya ta ce, "Baban Umair, mai sana'a a hannu ba ya zaman jiran jirgi."

Ana sassauta kulle mutanen Kuala Lumpur suka afka wa keke, har sababbi suka ƙare a shaguna. A ƙasan benen su Iro akwai wani tsoho ɗan Sin mai gyaran keke, Ankul Teoh, wanda aiki ya yi masa yawa. Iro ya sauka da takunkuminsa ya ce ya iya walda. Tsohon ya miƙa masa guntayen bututu biyu. Iro ya liƙe su nan take, dattijon ya juya su a hannu, ya ce, "Ƙofa kake yi. Bututun keke bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Lallaba shi ake yi."

Iro bai ji haushi ba. Wata huɗu ya yi yana koyon narka tagulla ta bi cikin gaɓa da kanta, sannan ya bi ta da magagari da samfefa har yatsa ya wuce bai ji tudu ba.

Cikin watannin nan ne wani Malam Alkasim ya zo. Malamin jami'a ne a unguwar Wangsa Maju, dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar jirgin ƙasa. Likita ya ce ya motsa jiki saboda sukari, amma duk keken da ya hau gwiwarsa sai ta bugi kan keken.

"Malam, zan ƙera maka naka," in ji Iro.

"Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Amma zan yi."

Ya auna ƙafarsa da hannunsa da bayansa kamar tela. Mako shida yana yanka yana liƙi. Ranar da firam, wato gangar jikin keken, ya haɗu, ya ja zare daga gaba zuwa baya don ya gwada saiti, sai ya ga bayan ya karkace hagu da kaurin tsinken ashana. Wuta ce ta yi yawa a gefe ɗaya.

Malam Alkasim ya duba, ya sake dubawa. "Ni ban ga komai ba, Malam Iro. A shafa fenti kawai."

"Idonka bai gani ba, amma bayanka zai ji. Kullum sai ka riƙa kokawa da shi a kan hanya."

Ya ɗauki zarto ya yanke bayan gaba ɗaya a gabansa. Malam ya yi salati. Ankul Teoh kuwa dariya ya yi, ya aika a ƙunso musu shayi daga wurin mamak, mai shayin unguwar.

Sabon bututu bai iso ba sai da aka sake sa kulle a farkon shekara, aikin ya ƙara wata biyu. Wannan karon zare ya zauna daidai. Iro ya yi wa firam shuɗin fenti, amma ya bar gaɓoɓin ba fenti, ya shafa musu man sheƙi kawai, tagullar tana ɗaukar ido kamar zobe. Ya ce wanda ya san aikinsa ba ya rufe shi.

Da safe suka kai keken bakin tafkin Titiwangsa. Malam Alkasim ya zaga sau ɗaya, a zagaye na biyu ya saki hannu biyu, mutum mai shekara hamsin, yana ihu da Hausa. Keken ya tafi ɗoɗar.

Yanzu jirage sun dawo, Hadiyya ce ke riƙe da tura kaya. Iro firam biyar yake yi a shekara, ba ya ƙarawa. In wani ya ce yana sauri, sai ya nuna masa shagon sababbi a tsallaken titi.