Riga Mai Lamba Bakwai

Mun tashi da asuba ranar Asabar, amma ba mu bar tashar Birnin Gwari ba sai da rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyarmu ya san ba a shiga dajin nan da duhu-duhu, sai motoci sun taru a tafi a jere. Ni na riga kowa zuwa. Na ƙirga riguna sau uku, na bi tayoyin bas ɗin ina dannawa da hannu, har direba ya tambaye ni ko saye zan yi.

Ga wanda bai sani ba, ni tela ne, tafiyar kuma ta ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garinmu ce. Wani malamin sakandare ne ya kawo mana wasan, shi ke horar da su. Ƙwallon kamar ƙwai take, a hannu ake ɗaukar ta a ruga. Ba a miƙa wa na gaba sai na baya, kuma duk wanda ya kama ka yana da izinin ya kayar da kai. Wata shida ina tsayawa bakin fili ina kallo, ban taɓa shiga ba. Yagaggun riguna ne suka haɗa ni da su. Da aka gayyace su wasan farko a Kaduna, ni na ɗinka sababbi, kuma don kada mu ji kunya a garin mutane, kowane ɗinki sai da na bi shi sau biyu da zare mai kauri. Na biyo su ne da allura, ko wani wuri zai ɓalle.

Sharaɗin masu gayyata ɗaya ne: mutum bakwai a fili. In ba su cika ba, a cire sunan Birnin Gwari daga gasar sai baɗi. 'Yan wasa takwas muka shirya. A tasha mahaifin ɗaya ya zo ya ce bai yarda da hanyar ba, ya koma da ɗansa. Ba wanda ya ga laifinsa. Muka tafi da bakwai cif.

Damina ta yi kyau bana. Daji ya rufe kore shar, ciyawa ta fi mutum tsawo, ni kuwa doguwar ciyawa ba ta burge ni. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali gonaki ne. Wuraren da a baya ba mai iya leƙawa, ga masara ta yi goyo, ga Fulani da shanu a bakin titi suna ɗaga mana hannu. Ramuka dai suna nan inda muka bar su. A wani shinge jami'in tsaro ya ɗauki ƙwallonmu ya jujjuya, ya tambaya wa ya zauna a kanta.

Mun tsaya a wani ƙauye kafin Buruku. Masarar gashi ta fi ta gida tsada, ga ta ƙanana. Na roƙi kowa kada ya sha fura kafin wasa. Wanda ya fi kowa gudu a cikinmu ya faki idona ya shanye ƙwarya guda. Sau uku muka tsaya masa a bakin hanya, ina tsaye ina gadi ina addu'a. Da muka isa filin Kaduna ko tsayuwa ba ya iya yi. Saura shida.

Malamin ya ja ni gefe, ya miƙo min rigar mai furar, mai lamba bakwai.

"Baba Tela, ka sa kawai. In an kira sunansa ka ɗaga hannu. Ka tsaya can gefe, ba mai taɓa ka."

"Malam, sunan wani zan amsa?"

"Minti goma sha huɗu ne fa wasan duka-duka."

"Ƙaryar minti goma sha huɗu ma ƙarya ce. In na karye kuma, sunan wa za a rubuta a asibiti?"

Kyaftin ɗinmu ya dafa kai. "Baba, don Allah kada ka kashe mu. Tun daga Birnin Gwari fa muka zo."

Na sa rigar, na nufi teburin masu gasa. Wata mata ce mai tabarau ke riƙe da takardu. Na ce, "Ranki ya daɗe, mai lamba bakwai yana cikin bas a kwance, cikinsa ya ɓaci. Ni telansu ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Mutanena shida suna bayana.

"Ka taɓa yin wasan?"

"Ban taɓa ba. Amma na san ba a jefa ta gaba."

Ta juyo min da takardar. Ashe kowane suna da hotonsa a gefe. Ta ce, "Da ka amsa sunansa, da yanzu kuna hanyar gida. Rubuta naka a nan."

Na rubuta a hankali da rubutuna na firamare, na karanta sau biyu kafin in mayar mata da biro.

Wasan ba zan ƙawata shi ba, sun fi mu. Sau ɗaya tak ƙwallon ta faɗo hannuna, ban san lokacin da na ruga ba. Wani ƙato ya damƙo rigata ta baya. A gida idan aka yi haka rigar yagewa take mutum ya kuɓuce, ai ni ke facinsu. Wannan kuwa ko gezau. Ɗinkina ya riƙe ni, ya miƙa ni ga ƙasa. Kafin in faɗi na waiwaya, na ga kyaftin a bayana, na cilla masa ƙwallon. Shi ya dire ta bayan layi. Cinmu kenan guda ɗaya a ranar. An cinye mu, amma sunan Birnin Gwari yana cikin gasar.

Muna idar da azahar na tasa kowa gaba, domin na rantse rana ba za ta faɗi muna daji ba. Mun shigo gari kafin magariba, gwiwata a kumbure, mai furar yana ta ba ni haƙuri.

Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne. Duk tsoron da na kwana da shi na daji ne, ashe ƙwaryar fura ce ke jiranmu. Gaskiyar da na ɗauka za ta kore mu kuma ita ce ta bar mu a fili. Yanzu ina zuwa atisaye Litinin da Alhamis, sunana yana cikin takarda. Kyaftin ya roƙe ni in riƙa yin ɗinki ɗaya, don a samu hanyar kuɓuta. Na ce masa ya ƙara gudu. Rigar na wanke ta, na duba ta ciki da waje, ko zare ɗaya bai tashi ba.