Rakiyar da Ta Ƙare a Kano

Ƙanwata, autar ɗakinmu, tana aure a wata ƙaramar ƙasa da ke tsakiyar teku. Mijinta likita ne, mutumin Rimaye, aiki ya kai shi can ya ɗauke ta suka tafi. Sunan ƙasar bai taɓa zama a bakin Inna ba, sai take cewa Tsibiri, mu ma duk gidan muka bi ta da haka.

Da ƙanwar tawa ta sami cikin fari, likitocin can suka ce sai an yi mata aiki, kuma ba su yarda ta hau jirgi ta taho gida ba. Mijin ya nemi alfarmar Inna ta je ta zauna da ita har ta yi arba'in, ya ce tikitin mutum biyu yana wuyansa. Ba a yi wata doguwar shawara a kan wanda zai raka ta ba. Ni ne babban ɗa namiji, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ina aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma a Kankia, kuma na taɓa zuwa Umara. A gidanmu na Kusada wannan ya isa a kira mutum wanda ya san duniya.

Na ɗauki shirin tafiyar nan da muhimmanci, har ma ya wuce kima. Mijin ƙanwata yana turo mani saƙon murya ta waya, ni kuma duk Asabar sai in hau babur in tafi Kusada in maimaita wa Inna kamar daga kaina abin ya fito. Na kai ta Katsina aka yi mata sabon fasfo. Na kai ta aka yi mana allurar rigakafin ciwon shawara aka ba mu katin, don an ce duk wanda ya fito daga ƙasarmu sai ya nuna shi kafin a bar shi ya shiga. Biza a can ake bugawa idan an sauka, amma sai mutum yana riƙe da tikitin dawowa da adireshin inda zai zauna. Maganinta na hawan jini na sa ta bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Na shiga Kano na canzo 'yar dala, tunda nairarmu ba ta da amfani a can.

Inda muka fi samun saɓani shi ne kaya. Ranar da na je duba jakarta na iske ta cika ta da ganyen bedi, wanda Kanawa ke cewa darbejiya, da kanwa, da kimba, da yajin jego, da daddawa, da kuka, da kilishi, har da bargo. Na zazzage su a kan tabarma a gaban matan gida ina bayani. Ƙananan ƙasashen nan na cikin ruwa suna tsoron ganye da iri da nama ƙwarai, don kada a kai masu cutar da za ta kashe masu shuka da dabbobi. Bargo kuwa ba shi da aiki a inda zafi da gumi ba su yankewa, gara lema da tufafi marasa nauyi. Inna ta tambaye ni yadda ake wankan jego ba ganye. Na ce mata wadda aka yi wa aiki ma ba irin wannan wankan za ta yi ba. A ƙarshe na bar mata yaji da kanwa da kuka da garin kunu, na ce idan an tambaye ta ta nuna, kada ta ɓoye komai. Ina jin daɗin yadda matan ke kallona ina magana. Wannan ma yana cikin abin da nake tunawa in ji kunya.

Nawa fasfon na Umara ne. Na buɗe shi sau ɗaya, na ga ranar ƙarewarsa ta wuce ranar dawowarmu, na rufe na sa a jaka.

Na yi bankwana kamar mai tafiya aikin Hajji. Na bi ofis ɗaki ɗaki. Liman ya yi mana addu'a bayan sallar La'asar. A majalisarmu ta bakin titi, kusa da inda motocin Kano ke tsayawa, na zauna ina ba da labarin ƙasar da ban gani ba, cewa mota na iya zagaye ta kafin a sauke tukunyar rana, cewa kifi ya fi nama araha. Wani dattijo mai sayar da taki ya roƙe ni in zo mashi da ruwan teku a gora, an ce mashi yana maganin ciwon gwiwa. Na ce ya ɗauka ya samu.

Da hantsi muka isa filin jirgi na Kano. Ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta duba takardun Inna ta ajiye gefe. Da ta buɗe nawa sai ta daɗe a kan shafin farko, ta kira wani babba da ke bayanta. Mutumin ya yi mani magana da Hausa, cikin ladabi. Ya ce ƙasar da za mu ba ta karɓar baƙo sai fasfonsa yana da sauran wata shida kafin ya ƙare, nawa kuwa bai kai ba. Idan suka ɗauke ni, can za a juyo da ni daga bakin ƙofa. Na nuna mashi tikitin dawowa. Na koma Turanci ina ɗaga murya, mutanen da ke layi suna kallona. Bai ɗaga tasa ba, bai kuma canza magana ba.

Inna tana zaune a kan kujera da lemarta a cinya. Na je na durƙusa gabanta na faɗa mata. Ban iya kallon idonta ba.

"Ni nawa yana da kyau?" ta ce.

Na ce yana da kyau.

"To buga mani kawunka."

Kawu shi ne yayanta, shi ne babban da ya rage mana a Kusada. Na ba ta wayar, suka yi magana a taƙaice. Ya ce larura ce, yarinya na kwance ba kowa nata, ta tafi Allah ya tsare. Na ce mata za a iya ɗaga tafiyar har in sabunta fasfo. Ta ce ranar aikin ba za ta jira ni ba. Babban ma'aikacin ya ce za su rubuta ta cikin masu buƙatar taimako, a tura ta a keken marasa lafiya, a miƙa ta hannu da hannu a Habasha inda za ta canza jirgi. Ta ce ƙafafunta lafiya lau. Sai da na lallashe ta cewa keken ne zai sa wani ya tsaya a kanta.

Maganinta da katin rigakafinta da dalolin duk suna cikin jakata, don na ce mata ni zan riƙe kada ta zubar. Dole na buɗe jakar a ƙasa, a tsakiyar mutane, ina tono su daga ƙarƙashin sababbin kaftanin da na ɗinka saboda tafiyar. Ta karɓa ta ƙulle a jakar hannunta. Matar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, wadda rabonta da jirgi tun Hajjin da ta yi da mahaifinmu, aka tura ta ta wuce ƙofar da ba a bar ni in bi ba. Abin da ta ce mani na ƙarshe shi ne in kama hanya kada yamma ta yi mani.

A motar dawowa na zauna can baya da akwati a kan ƙafa. Na sa direba ya sauke ni kafin a shiga gari, na tsayar da ɗan acaɓan da bai san ni ba, muka bi ta bayan layi. Matata ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta kalli akwatin, ta fara salati don ta zaci wani abu ya sami Inna. Da na faɗa mata sai ta karɓi akwatin ta shiga da shi.

A ɗaki na sake sauraren saƙonnin mijin ƙanwata tun daga farko. Maganar wata shidan tana nan cikin na biyu, a fili. Na ji ta a lokacin, na ɗauka fasfon Inna ake nufi, tunda ita ce ba ta da shi.

Na ɗauki hutu a ofis, saboda haka ba inda ake jirana. Na zauna cikin gida ina sallah a ɗaki, ina jin kiran sallar masallacin unguwarmu ta taga. Na hana yara cewa ina nan. Abin da na kasa hanawa shi ne tari. Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya san tarina kamar yadda ya san muryata. Ya yi sallama a ƙofa da safe, ya ce wa matata ta gaida maigida, ta ce mashi ana cigiyarsa a sahu. Ranar na fita sallar Azahar.

Ba wanda ya yi mani dariya a fuska, kuma da an yi da ta fi mani sauƙi. Sannu da dawowa kawai ake yi mani, da tambayar yaya aka baro Inna. Labarin ya riga ni zuwa ko'ina, wani ɗan garinmu yana cikin layin nan na Kano. A majalisa aka matsa mani wuri aka ci gaba da hirar farashin masara, aka kauce wa duk wata magana da ta shafi jirgi ko ruwa. Dattijon mai taki ne kaɗai bai ji ba. Ya tare ni a kasuwa da murna yana tambayar gorarsa, na tsaya a gaban rumfarsa na ba shi labarin da bakina. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ce gwiwar ma ta yi sauƙi.

Zuwa Kusada ya fi komai nauyi. Na iske Kawu a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na gaishe shi na zauna a ƙasa. Ya bar ni na gama bayanina duka, da wata shidan da saƙon da ban fahimta ba, sannan ya ce, "Kai da ka zazzage mata jaka." Ya aika aka kawo mani fura. Matan gidan da na yi wa lacca suka leƙo ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ni, ina amsawa kaina a ƙasa.

Inna kuwa ta sauka lafiya, an yi aikin lafiya, an sami ɗiya mace. Takan kira ni da wayar ƙanwata bayan La'asar. Ta ce masu duba kaya sun buɗe ƙullin yaji sun shinshina, ɗaya ya yi ta atishawa, suka mayar mata. Ta ce ruwan sama a can ba ya haɗa hadari, yana zuwa ne kawai rana na haske, lemar ta yi mata rana. Wanki ba ya bushewa, zannuwanta na atamfa har wari suke yi, sai ta koma sa marasa nauyin. Naman da Musulmi ya yanka sai an je wani shago guda kusa da ƙaramin masallacinsu, don haka kifi suke ci dare da rana, ta koyi sa shi a miyar kuka. Asibitin yana babban tsibirin, gidan yana wani ƙarami, sai an shiga jirgin ruwa, ranar farko ta yi amai har ta ji kunyar surukinta. Duk abin da ta faɗa sai in ce to, madalla. Ba ta taɓa tayar da maganar fasfona ba, ni ma ban tayar ba. Na sabunta shi, amma kafin ya fito hutuna ya ƙare, kuma ban ga fuskar da zan nemi surukinmu ya sake sayen wani tikitin ba.

Ta dawo bayan an fara yankan gero. Na ɗauki shatar mota na je Kano na tarbe ta. Ta yi duhu kaɗan, ta rame, tana riƙe da jakar hannun nan a ƙirji. Muka kamo hanya tana ba ni labarin jaririyar, wai goshin mahaifinmu ta ɗauko. Sai da muka wuce Tsanyawa sannan ta ce akwai abin da ba ta faɗa a waya ba, don kada hankalin mai jego ya tashi. A Habasha, wanda ya turo ta ya ajiye ta a wani dogon zaure ya yi mata nuni da hannu cewa ta jira, ya tafi. Ta zauna har lokacin sallah ya shiga ya fita. Ba ta san inda ake alwala ba, tana jin fitsari, tana tsoron ta tashi a zo ba a same ta ba. Duk wanda ta yi wa magana sai ya yi murmushi ya wuce. Ta ce ta yi kuka a cikin mayafinta, rabonta da irinsa tun rasuwar mahaifinmu. Daga baya wata mai shara ta lura da ita, ta kama hannunta ta kai ta bayi, ta tsaya ta dawo da ita kan kekenta.

Na ce, "Inna, ki yafe mani."

"Ai ba da gangan ka yi ba," ta ce.

Direban ya rage sautin rediyonsa. Na juya fuskata wajen taga ina kallon dammunan gero a jingine cikin gonaki. Da muka iso Kankia na tambaye ta ko za ta kwana gidana ta huta. Ta ce a'a, a wuce da ita Kusada, ta bar awakinta a hannun mutane ya isa haka.