Jirgin Babana da Moton Tsohuwar Rediyo

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya kwanta da ciwon shanyewar ɓarin jiki, na yi rigima da yayana a kan abin da bai kai kaza nauyi ba. Wani ɗan jirgin ƙasa ne na wasa, baƙi, irin tsohon kan jirgin nan mai cin kwal, da taragai uku da layin dogo da ake harhaɗawa ya zagaye. Mahaifina ya yi aikin jirgi tun yana saurayi, aikin ne ma ya kawo shi Agege, kuma wani injiniya da suka yi aiki tare ne ya bar masa ɗan jirgin. Muna yara sai da Sallah yake fito da shi ya jona a wuta, mu zauna a tabarma muna kallo. Wata shekara wuta ta zo da ƙarfi, jirgin ya yi ƙauri ya tsaya. Tun daga nan yake cikin kwali a saman wadirof.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, sai aka ce a rage kaya a ɗakinsa don a shigo da gado mai faɗi. Yayana ya kira 'yan bola, aka yi ta loda musu tarkace. Na dawo daga shagona na ɗinki, na tarar da kwalin a kan kurarsu. Baba yana zaune a baranda, bakinsa ba ya iya haɗa kalma, amma idonsa yana kan kwalin, hannunsa mai lafiyar yana ta ɗan bubbuga kujera. Na je na sauke kwalin.

Yayana ya ce in mayar, abin da ya mutu shekara da shekaru me zan yi da shi. Na ce gyarawa zan yi. Ya yi dariya a gaban 'yan bolar.

"Ke da kike ɗinka zani? Ki bar wahalar da kanki, ƙanwata."

"Yaya, mai kayan yana raye, ga shi can yana kallonka. Ka tambaye shi kafin ka bayar?"

Na faɗi wasu maganganun ma bayan wannan, waɗanda ba zan maimaita a nan ba. Mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta yi mini faɗa sosai. Na saurara har ta gama, kwalin yana rungume a ƙirjina.

Gaskiyar magana, ban san komai a kan gyaransa ba. Iyakar ilimina kunce keken ɗinki in mayar. Na ɗauko sukurudireban keken na buɗe cikin jirgin, na ga ɗan injin da ke juya ƙafafun, wanda masu gyara ke kira moto, ya yi baƙi ƙirin. Na ƙulle shi a gefen mayafi na hau motar haya ta danfo zuwa Mushin. Shago huɗu na shiga. Uku sun ce an daina yin irinsa tun kafin a haife ni. Na huɗun, wani dattijo Bayarabe mai gyaran rediyo, ya juya shi ya ce, Alaja, ki sayi sabon abin wasa ki huta. Na amsa masa da Yarbanci cewa ba na yara ba ne, na mahaifina ne, kuma ba zan tashi daga bencinsa ba sai ya nemo mini mai kama da shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya shiga ciki, ya fito da wata tsohuwar rediyo mai kaset. Ya ciro moton da ke cikinta, ya nuna mini yadda ake liƙe waya da dalma, har ya ara mini ƙarfensa na liƙin.

Sati biyu na yi ina fama, tsakanin ɗinki da ɗinki. Akwai wani ɗan haƙori a bakin tsohon moton wanda dole in mayar a sabon, sai ya zama sandar sabon ta fi siranta, haƙorin yana ta lilo. Na yanki bututun biro na cusa a tsakani, ya kama. Na ƙone yatsu uku. Na ɓatar da noti ɗaya cikin tsummokara, na yi rabin yini ina nemansa da maganaɗisun allura, wata mai kawo ɗinki tana tsaye tana tambayata ko lafiya.

Ranar gwajin farko, Allah Ya rufa mini asiri na kulle shagon. Ina murɗa makunnin, jirgin ya zabura da baya a guje, ya bar layi, ya daki ƙafar tebur, bututun hayaƙinsa ya ɓalle. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Da na koma wa dattijon, ya ce wayoyin na juya, in musanya su kawai. Bututun kuma na manne shi da gam, har yau a ɗan karkace yake.

Wata Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa layin a ƙasan ɗakin Baba. Yayana yana bakin ƙofa, hannuwa a harɗe. Na kunna. Jirgin ya yi ƙara ya tashi, ya ja taragansa ya zagaya, ya sake zagayawa. Baba ya karkato a gado yana bin sa da ido. Bakinsa ya jima yana motsi, sannan ya ce:

"Gudu... ya yi yawa."

Wata biyu ba mu ji magana a fili daga bakinsa ba, da ta fito kuma gyara ya yi mini. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Na rage makunnin a hankali har ya ɗaga mini hannu alamar ya isa. Da na waiwaya, yayana ya bar ƙofar.

Baba bai warke ba. Ya ƙara kamar shekara guda, kuma kusan kullum da yamma sai na kunna masa. Ba na cewa jirgin ya yi masa magani. Abin da na gane shi ne, idan mutum ya rasa baki, mutanen gidansa ma, ba da mugun nufi ba, sai su fara yanke hukunci a kan kayansa kamar ba ya nan. Har yanzu idan na tuna kwalin nan a kan kura, raina yana ɓaci kamar yau abin ya faru.

Ni da yayana mun shirya tuntuni. Na same shi har gida na ba shi haƙuri a kan kalaman da na gaya masa, don ban kyauta ba. A kan sauke kwalin kuwa ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba.