Jinin Da Na Hana Matata

Ban kyauta ba, kuma tun a ranar na san ban kyauta ba.

Shekarar da ruwa ya yi gardama ce, gero ya tsaya iya gwiwa, rumbu ya kusa ƙarewa. Matata ta haihu, jini ya ɓalle mata, muka ɗauke ta a a-kori-kura zuwa asibiti a Minjibir. Ma'aikaciyar jinya ta ce sai an ƙara mata jini. Aka huda mini yatsa aka auna, nawa ya dace.

Mu kuwa mun taso da cewa jinin mutum a aune yake, abin da aka ɗiba ba ya dawowa. Ga noma yana jirana. Sai na ce ina da ciwon shawara. Ƙarya nake yi.

"Malam, idonka fari tas," in ji ma'aikaciyar. "Kullum jiki cikin yin sabon jini yake. Kafin kaka zai mayar da abin da muka ɗiba."

Na sunkuyar da kai, na ce ni dai ina da shawara.

Ƙanin matata, ramammen magidanci da yunwar shekarar ta fi ci, shi ya naɗe hannun riga. "Mijin yaya, riƙe mini hulata," ya ce, "kada kai ma ka suma."

Allah ya tashi kafaɗunta. Ni kuwa na ƙare damina ina satar kallon ƙaninta, in ya yi tari gabana ya faɗi. Ranar gayyar maimai ya riga ni kai ƙarshen kunyar gona. Bayan girbi ya koma asibiti aka sake auna jininsa, ya shigo gidana yana dariya.

"Sun ce ya cika taf! Naka fa, yana nan a ajiye? Kar dai ya yi tsami."

Kowa ya yi dariya ban da matata. A nan na gane cewa ranar da muke asibiti, ta bayan labule, ta ji komai. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Tuwo ba ya makara, amma ta daina faɗa mini in ba ta da lafiya. Zazzaɓi ya kayar da ita, sai a bakin maƙwabciya na ji.

Na same ta tana tankaɗe, jaririyar a bayanta. Na tsuguna.

"Ban taɓa yin shawara ba," na ce. "Tsoro na ji, na fifita gona a kanki. Don girman Allah ki yafe mini."